Ranar Filayen Ciyawa: Ta Shafe Mu a Kebbi Kuwa, Kuma a Wane Wata Ya Dace Mu Yi Ta?

Ɗan Kabi, Argungu

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin aikin gona a wata makarantar sakandare a nan Argungu, kuma ina neman shawarar masana da dattawan wannan zaure a kan wani aiki da aka ɗora mini. Na samu labarin cewa a Amurka akwai ranar da ake keɓewa kowace shekara domin filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar. Ana yin ta ranar Asabar ta farko a watan Yuni, inda ake kai yara da manya su ga ciyayi da furanni da tsuntsayen da suka rage a irin waɗannan filaye, a kuma wayar musu da kai a kan dalilin da ya sa bai kamata a bari su ƙare ba.

Da na kawo maganar a ɗakin malamai sai ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce wannan harkar waɗanda suka ƙoshi ce, domin mu a nan ciyawa abar nomewa ce, kuma duk ɗalibin da aka ce masa ya girmama ta zai ɗauka malaminsa bai taɓa riƙe hauya ba. Wasu suka ce ai muna da ranar muhalli ta duniya a 5 ga Yuni, wadda a kowace shekara muke dasa dogon yaro a harabar makaranta, don haka babu buƙatar ƙari. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da wannan amsa ba, saboda na lura ɗalibaina sun san amfanin itace sarai, amma da yawansu ba sa iya bambanta gamba da kyasuwa, alhali kusan kowanensu akwai tunkiya ko akuya a gidansu.

Abin da nake so a taimaka mini da shi shi ne: shin irin wannan rana ta shafe mu a Kebbi da gaske, ko kwaikwayo ne kawai? Idan ta shafe mu, watan Yuni ya dace da yanayinmu? Sannan mene ne za a yi da ɗalibai a ranar wanda ya wuce jawabi da ɗaukar hoto? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Gona, Jega

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta yi ma'ana ƙwarai, kuma zan ɗan tsawaita domin na yi shekarun aikina ne a tsakanin manoma da makiyaya.

Ranar da ka ji labarinta wata gidauniya ce ta jihar Mizuri mai kula da filayen ciyawa ta ƙirƙiro ta a 2016, kuma ba ƙoshi ne ya sa suka yi ta ba, asara ce. Filayen doguwar ciyawa na Amurka ta Arewa sun kai kimanin eka miliyan 170 kafin a fara nome su, amma yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a wasu tuddai masu duwatsu na jihar Kansas, inda garma ta kasa shiga. Ɓaunar ƙasar, wadda take yawo a garke-garke na miliyoyi, ta ragu zuwa 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshen ƙarni na 19. Da fari ya zo a shekarun 1930, ƙasar da aka tuɓe wa ciyawa a yammacin wannan yanki ta tashi sama ta zama guguwar ƙura, gonaki suka mutu, dubban iyalai suka yi ƙaura, har gwamnatinsu ta kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935. Saboda haka su suna tunawa ne da abin da ya riga ya kuɓuce musu. Mu kuwa namu yana kan kuɓucewa a gaban idonmu, kuma a ganina wannan ya sa muka fi su buƙatar irin wannan rana.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakaninmu, har da ma'aikatan gwamnati, shi ne ɗaukar filin ciyawa a matsayin dajin da ya lalace ko gonar da ba a kai ga nomewa ba. Ƙasar Kebbi da Zamfara da Sakkwato asalinta ƙasar ciyawa ce mai itatuwa jefi-jefi, gawo da kalgo da marke da sabara, kuma a haka Allah ya tsara ta. Itace yana ajiye yawancin jikinsa a sama, ciyawa mai daɗewa kuwa tana ajiye nata a ƙasa. Idan ka tono gindin gamba guda za ka tarar da saiwa cunkus, ta riƙe ƙasa gam, ta buɗe wa ruwan sama hanyoyin nutsewa, kuma saiwar nan rumbu ce da take tara abinci tun daga kaka, shi ya sa gamba ke yin tsiro da ruwan farko, wani lokaci ma kafin ruwan ya zauna, a daidai lokacin da shanu suka fi ramewa. Ciyawar da ke fitowa daga iri kowace shekara ba ta da wannan ajiya, dole ta jira damina ta kankama.

Lalacewar makiyaya ba ta zuwa dare ɗaya, kuma wanda ya san ciyayi yana iya karanta ta. Da farko gamba ce ke janyewa, idan ana cinye ta tun tana toho ba a ba ta hutu ba, ko ana ƙone ta a tsakiyar rani shekara bayan shekara. Sai kyasuwa da harkiya da guɗe-guɗe su maye gurbinta. Waɗannan abinci ne mai kyau, amma da zarar iskar hunturu ta kaɗa sun bushe sun kakkarye. Idan matsin ya ci gaba sai ƙarangiya ta yi yawa, daga nan tafasa da garmani da tumfafiya su mamaye wurin. Mai wucewa a mota cikin watan Agusta zai ga kore shar ya ce wuri ya yi albarka, alhali saniya za ta tsaya a tsakiyarsa da yunwa. Mataki na ƙarshe shi ne faƙo, inda ruwa ke sauka ya gudu, ya tafi da ƙasar sama, ya haƙa kwazazzabai. Duk ɗalibin da ya iya gane waɗannan matakai da idonsa ya koyi abin da ya fi jawabin awa guda amfani.

A kan ko duniya ta san da irin matsalarmu, ta sani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2026 a matsayin shekarar filayen kiwo da makiyaya ta duniya, bisa shawarar ƙasar Mongoliya, wadda ita ma ƙasar kiwo ce. Rahoton da hukumar majalisar mai yaƙi da kwararowar hamada ta fitar a 2024 ya nuna cewa filayen kiwo sun kai kashi 54 cikin 100 na doron ƙasa, kuma har kusan rabinsu sun lalace. Akwai kuma 17 ga Yuni, ranar yaƙi da kwararowar hamada da fari. Kebbi da Zamfara duk suna cikin jihohi 11 da shirin nan na gina katangar itatuwa a bakin hamada ya shafa. Damuwata da yawancin shirye-shiryen nan ita ce itace ake ƙirgawa, ba a cika ƙirga ciyawar da ke ƙarƙashinsa ba. Abin mamaki, gambar da muke sakaci da ita an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwo, ta yi ƙarfi a arewacin ƙasar har ta gagare su, yanzu kuɗi suke kashewa wajen yaƙi da ita saboda tana ƙara zafin gobarar daji. A can baƙuwa ce da ba ta da mai takura mata, a nan kuwa gida take kuma tana neman ɓacewa.

Batun wata kuma, ban ga hikimar bin Yuni ba. A can Yuni lokacin furanni ne, fili yana kan ganiyarsa. A nan farkon Yuni ƙasa tsirara take, manomi yana duban gabas da iri a hannu, makiyayi yana sassabe ganyen itace domin dabbobinsa su kai ga sabuwar ciyawa, ba wanda zai saurare ka, kuma babu abin da za ka nuna wa yara. Ni da za a bi tawa, da ƙarshen Oktoba za a zaɓa. A lokacin gamba ta fitar da kai, iri ya fara nuna, ana iya bambanta kowace ciyawa da 'yar'uwarta, kuma wuta ba ta fara tashi ba. A 'yan makonnin nan ne ake yanke hukuncin abin da dabba za ta ci har zuwa watan Mayu: ko a yanka a adana, ko a bari a ƙone.

Ɗan Ardo, Ƙaura Namoda

Baba na Jega, Allah ya ƙara girma. Na amfana da bayaninka, kuma na yarda da batun Oktoba. Sai dai ina neman izini in ƙara wani ɓangare, domin ni a ruga aka haife ni, a yankin Zurmi, kafin karatu da halin da ake ciki su dawo da mu gari.

Malam Ɗan Kabi, abin da nake tsoro idan aka ce za a kare filin ciyawa shi ne a fahimce shi da ma'anar a kewaye shi da waya a kori dabba. Ciyawa ba ta zaman lafiya idan babu mai cin ta. Gambar da aka bari shekara biyu ko uku ba a ci ba, ba a yanka ba, tsohon karanta yana kwantawa ya danne sabon toho, gindin ya fara mutuwa daga tsakiya. Kofato yana fasa ɓawon ƙasa ya tura iri ciki, kashin shanu yana mayar mata da taki, kuma iri da yawa a jikin dabba ko a cikinta yake tafiya daga wani wuri zuwa wani. Su ma Amurkawan da ake magana, a filayen da suka rage suna sakin shanu ko ɓauna, suna kuma sa wuta da gangan a lokacin da suka tsara. Abin da ke kashe makiyaya shi ne dabba ta daɗe a wuri ɗaya, ta ci toho, ya sake fitowa ta sake ci, har saiwa ta gaji. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke tafiya. Da damina a nufi arewa ko a hau tudu, a bar wa manomi gonarsa, a bar wa fadama ruwanta. Da kaka a gangaro a ci kara da harawa a gonaki bisa yarjejeniya, a bar wa mai gona taki. Da rani a sauka fadama. Kowane wuri yana samun watannin hutu ba tare da an rubuta doka ba.

Wannan tafiya ita ce ta karye. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma a faɗin Nijeriya akwai irin waɗannan wurare fiye da 400, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ma ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998. Amma takarda ba ta hana burtali tsukewa. Burtalin da na sani ina yaro, wanda garke ke bi a baje, na koma na tarar da shi ba ya ɗaukar shanu uku a jere, gero ta dama, dawa ta hagu, yaro ɗaya da sanda ba zai iya hana ɓarna ba ko da ya so. Ban ɗora wa manomi laifin duka ba, domin shi ma 'ya'yansa sun yi yawa, gonar gado ta yi kaɗan. Sai dai manyan gonakin da aka yanka a cikin makiyaya aka ba masu hali, waɗannan ba yunwa ce ta kawo su ba.

A ƙasarmu akwai babban dajin kiwo na Zamfara, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, da ƙauyukan noma a cikinsa irin su Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. Masu bincike daga jami'o'in gida da na waje sun yi shekaru suna zuwa nazarin ciyayinsa da yadda manoma da makiyaya ke musayar taki da kara. Yau idan aka ambaci Dumburum ba ciyawa ke zuwa zuciyar mutum ba, 'yan bindiga ne. Kuma ga abin da ya kamata masu kishin muhalli su lura da shi: inda tsoro ya hana shiga, ciyawa ta yi tsawo ta bushe ba mai amfani da ita, sai wutar tsakiyar rani ta zo ta cinye ta tare da ƙananan itatuwa. Inda ake da ɗan kwanciyar hankali kuwa, a gefen garuruwa, dabbobin kowa sun taru a wuri ɗaya sun mayar da shi faƙo. Rashin tsaro yana lalata filin ta fuska biyu a lokaci guda.

Saboda haka shawarata, Malam, kada ka yi wannan rana da ɗalibai da malamai kaɗai. Ka gayyaci ardon da ke kusa da ku da sarkin noma, su tsaya tare a gaban yara. Ka bar wani dattijon makiyayi ya kama ciyayi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wadda ke kawo nono, da wadda ke sa ƙiba, da wadda ke kumbura ciki idan an ci ta da raɓa. Ba ma sai an nemo sabon biki daga nesa ba. Fulanin Kebbi da na jihar Doso a Nijar suna da Hottungo, bikin murnar dawowar garkuna lafiya daga kiwon damina, kuma lokacinsa bai yi nisa da watan da Baba ya ambata ba. Idan an jingina ranar ciyawa da abin da mutane suka riga suka sani, za ta fi daɗewa.

Maman Asma'u, Bunza

Sallama ga kowa. Ni ba masaniya ba ce, ungozoma ce a asibiti, amma mahaifina da saƙar zana ya ciyar da mu, don haka ina da abin faɗa.

Maza sun yi maganar shanu, to ciyawa ba ta dabba kaɗai ba ce. Da gamba ake saƙa zanar da ake yin danga da ita, a kewaye makewayi, a naɗe rumbu. Da shuci ake baibaye ɗaki da jinkar rumbu, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin ciyawa cikin watan Afrilu ya kwana a na kwano ya san bambanci. Tsintsiyar da muke shara da ita ciyawa ce, jema da ke bakin fadama ma ana saƙa da ita. Mahaifina yakan yanko gamba bayan ɗaukewar ruwa, ya ɗaɗɗaure ta dami-dami a jingine ta bushe, sannan ya yayyafa mata ruwa da asuba domin ta yi laushi kafin ya zauna saƙa, yana danne gefe ɗaya da ƙafa yana karkata kara uku-uku. Ba daji yake zuwa nemanta ba, a iyakar gonarsa take. A da kusan kowace gona a wajenmu da layin gamba ake shata iyakarta, kuma layin nan yana tare ƙasar da ruwa zai kwashe, yana hana rigimar iyaka, zabi da fakara suna yin ƙwai a cikinsa.

Abin da na ga ya kawar da wannan layi a 'yan shekarun nan shi ne maganin feshi. Yaro zai goya tanki a baya ya bi gona har iyaka, wanda ya fesa da gangan da wanda iska ta kai, gindin da ya shekara ashirin a wurin sai ya mutu a mako guda. Ban ce a daina feshi ba, domin na san tsadar 'yan ƙwadago, amma a koya wa yara su bar taki biyu a bakin iyaka.

Sai batun fadama. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, fadamar da ake nomawa sau ɗaya ta koma sau biyu, injin ban ruwa yana kuka rani da damina. Mun ga alherinsa, ba mai musun wannan, gidaje da yawa sun tashi da kuɗin shinkafa. Amma burgu da roba da ke fitowa a wuraren da ruwa ke kwanciya, waɗanda dabbobi ke dogaro da su a ƙarshen rani, sun rasa wurin zama, hanyar zuwa mashaya ma a wurare da yawa ta toshe.

Malam, idan kana son iyayen yara su ɗauki ranar da muhimmanci, ka nuna musu kuɗin da ke ciki. Mata da yawa a nan suna turke rago domin Babbar Sallah, kuma abin da ke cinye ribarsu shi ne sayen harawa da dusa a lokacin tsada. Ka koya wa ɗalibai, mata da maza, su yanki kyasuwa da harkiya tun suna ɗanye kafin su tsufa, su shanya a inuwa domin kada rana ta cinye korensu, su ɗaure su ɗora a kan rumfa inda gara ba za ta kai ba. Yarinyar da ta kai ragonta watan Afrilu da ciyawar da ta tara da hannunta ba sai an sake yi mata wa'azin amfanin ciyawa ba.

Almajirin Gwandu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ga waɗanda suka ce wa Malam wannan kwaikwayon Turawa ne, ina so in tunatar da mu cewa keɓe filin ciyawa domin amfanin jama'a yana da babi a fiƙihunmu, shi ne babin hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina domin dawakin Musulmi, kuma Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Kafin Musulunci, mai ƙarfi ne ke keɓe wa kansa makiyaya ya hana kowa, sai shari'a ta soke wannan, ta mayar da keɓewa hakkin shugaba domin maslahar jama'a kawai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da Sayyidina Umar ya ba wanda ya ɗora a kan himar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Buhari. Ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya yi hattara da dabbobin attajiran sahabbai Ibn Aufu da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa zai zo ne da 'ya'yansa yana kuka. Wannan ya yi daidai da abin da ɗan'uwa Ɗan Ardo ya faɗa game da manyan gonaki a cikin makiyaya, sai dai ya shafi masu manyan garkuna ma, waɗanda da yawansu a yau mazauna birni ne.

A nan gida kuma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen fili da hurumin gari da na rijiya da kuma hima. Hurumin gari a wurin malaman Malikiyya ya haɗa da wurin kiwo da wurin itacen girkin mutanensa, kuma ba ya halatta wani ya mallake shi shi kaɗai.

Malam Ɗan Kabi, kai da kake Argungu kana da misali a ƙofar gida. Ruwan Matan Fada ana hana kamun kifi a cikinsa tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar biki a buɗe. Bikin kamun kifin Argungu da aka faro a 1934, wanda hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2016, bai daɗe don kiɗa da kalankuwa kawai ba, ya daɗe ne saboda akwai doka a bayansa da kowa ke girmamawa. Ranar ciyawa ma idan ana so ta yi tasiri, a ɗaura mata wani hukunci da hakimi ko mai unguwa zai sanar: daga yau an buɗe yankan gamba a wuri kaza, ba a yarda a sa wuta domin farautar gafiya ko zomo ba, kuma gobe za a zaga burtali a ga inda aka ci iyaka. Ina kuma ba da shawarar a roƙi limamai su yi huɗuba a kan hima a Juma'ar da ta gabaci ranar.

Ɗan Kabi, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai wa shugaban makaranta abin da kuka rubuta, kuma mun tsayar da Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba. Za mu nemi izinin hakimi, mu gayyaci ardo da sarkin noma, ɗalibai su tattaro ciyayi su manna a takarda da sunayensu na Hausa da Fulatanci, sannan a yi gwajin yanka da shanya kamar yadda Maman Asma'u ta kawo. Akwai wani faƙo a bayan azuzuwanmu da muke son mayarwa filin gamba. Baba na Jega, da iri za mu shuka ko akwai wata hanya?

Tsohon Malamin Gona, Jega

Malam, ku yi duka biyun, amma kada ku dogara da iri kaɗai, domin irin gamba yana da gashi da rashin nauyi, iska na kwashe shi, kuma da yawansa ba ya tsirowa. A ranar taku ta Oktoba ku sa yara su zage kawunan da suka nuna, a shanya a zuba a buhu a rataye inda ɓera da laima ba za su kai ba. Da rani ku haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙon, bakinsu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, irin waɗanda ake yi a Nijar, ku zuba taki kaɗan a ciki. Idan ruwa ya zauna a watan Yuli, ku cuɗa irin da yashi mai laima ku watsa, ku ɗan taka shi da ƙafa ba tare da kun binne shi da zurfi ba. A lokaci guda ku nemi manomin da har yanzu yake da gamba a iyakar gonarsa, ku roƙe shi ku tsaga wasu gindaye da saiwarsu, ku rage musu ganye, ku dasa a bakin ramukan da tazarar taki guda. Wannan dashe ya fi saurin kamawa. Shekarar farko ku kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, kada a yanka, kada a ci. Daga shekara ta biyu ku yanka bayan iri ya zuba, ku bar kamar tsawon tafin hannu a sama da ƙasa.